Tanimu Ɗan Sulaiman: Sarkin Damagaram Da Ya Ƙera Igwa A Arewacin Daura

Duk wanda ya ziyarci rijiyar Kusugu zai ji labarin Bayajida da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, wadda ya sare kan macijiya da ita. Sai dai akwai wani labarin maƙera da ya shafi Daura wanda ba a cika bayarwa ba: na igwar da aka riƙa zubawa a birnin Zinder a ƙarni na 19, a ƙarƙashin Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaiman.

Asalinsa da hawansa mulki

Tanimu ɗa ne ga Sarki Sulaiman, wanda ya mayar da fadar Damagaram zuwa Zinder. A lokacin, masarautar tana ƙarƙashin Shehun Borno, tana aika masa da gaisuwa zuwa Kukawa. Tanimu ya daɗe yana jayayya da ɗan'uwansa Ibrahim a kan gadon sarauta. Ya hau na ɗan lokaci a farkon shekarun 1840, aka tuɓe shi, sannan ya dawo a farkon shekarun 1850, ya zauna har rasuwarsa a 1884.

Ganuwa, bindiga da igwa

A zamaninsa ƙarfin yaƙin ƙasar Hausa yana kan doki da mashi da baka. Tanimu ya ɗauki wata hanya dabam. Ya kewaye unguwar Birni da doguwar ganuwa, wadda har yau ana ganin ɓurɓushinta. Ya sayi bindigogi daga fataken da ke ratso Sahara daga Tarabulus, ya kafa rundunar 'yan bindiga wadda akasarinta bayi ne. Bai tsaya ga saye ba: ya sa maƙeran Zinder suka riƙa narka tagulla suna zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a cikin gari. Kaɗan ne daga sarakunan yankin suka kai ga haka.

Abin da ya shafi Daura

Bayan dakarun jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku sun ci Daura a farkon ƙarnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyar tsohon gidan sarautar ta kafu a Zango da Baure, kuma waɗannan garuruwa suka koma bin Damagaram. Ke nan birnin Daura yana bin Sakkwato, alhali wani ɓangare na ƙasarsa yana fake a inuwar bindigogin Zinder. Wannan kariya na cikin abin da ya raya gidan har 1906, lokacin da Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa na Zango kan gadon Daura.

Kuɗin da aka biya

Makaman ba kyauta suka zo ba. Abin da ake bai wa fatake ya haɗa da fatu da gashin jimina, da kuma bayi. Hare-haren da suka cika rumbun makamai su ne suka wofintar da ƙauyuka. Talakan da ke zaune tsakanin Daura da Zinder shi ne ya biya kuɗin kariyar da sarakunansa suka samu.

Ƙarshen lamarin

Sarki Amadu Kuran Daga ya yi amfani da wannan gado ya tasam ma Kano a zamanin Sarki Alu. Amma a 1899, a fagen Tirmini, rundunar Faransa mai makaman zamani ta karya mayaƙan Damagaram, Zinder ta faɗa hannunta. Igwar gida ba ta iya gasa da masana'antun Turai ba.

Nijeriya ta kafa kamfanin ƙera makamanta, DICON, a Kaduna tun 1964, amma har yau manyan kayan yaƙinta daga waje suke zuwa, alhali 'yan bindiga na addabar ƙauyukan Jihar Katsina. Tambayoyi biyu da tarihin Tanimu ya bari suna nan: wa ke ƙera makamin, kuma guminsa ko jinin wa ke biyan kuɗinsa?