Binne da Tono: Tarihin Stak daga Turing zuwa Arduino

Yau hirar tamu kan wani abu ce da duk mai taɓa Arduino yake amfani da shi kullum, ko ya sani ko bai sani ba, wato stak.

Ga matsalar. Kwamfuta tana tsakiyar lissafi, sai aka tura ta wani ƙaramin aiki. In ta gama, ina za ta koma? Lambobin da ke hannunta kuma, wa zai ajiye mata?

A kwamfutar EDSAC ta Jami'ar Kambirij, wadda ta fara aiki a 1949, dabarar David Wheeler ita ce a rubuta adireshin komawa a jikin ƙaramin aikin. Dabarar ta yi amfani, sai dai gurbin ɗaya ne tak. Da aikin ya sake kiran kansa, sabon adireshi zai shafe tsohon, hanyar gida ta ɓace ke nan.

Abin mamaki, tun ƙarshen 1945 Alan Turing ya hango mafita a tsarin da ya rubuta na kwamfutar ACE. Ya sa wa umarni biyu suna BURY da UNBURY, binne da tono. Ka binne adireshi kafin ka tafi, ka tono shi in ka dawo, kuma wanda ka binne a ƙarshe shi za ka fara tonowa. Kamar kwanukan da aka jera kan juna: na sama ake fara ɗauka. A 1955 Klaus Samelson da Friedrich Bauer a Munik ta Jamus suka zo da irin wannan tunani, suka kira shi Keller, ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, suka nemi rajistar mallakarsa a 1957. Ni dai sunan Turing ya fi kwanta mini.

Da ƙananan cif suka zo, sai tsadar wuri ta shigo. Intel 8008 ta 1972 kira bakwai kacal take iya jerawa. 8080 ta 1974 ta mayar da stak cikin RAM, da umarnin PUSH da POP.

To, nan nake so masu haɗa na'urori su saurara. PIC16F84, wadda ɗalibai da yawa suka koyi aiki a kanta, gurbi takwas gare ta. Kira na tara zai hau kan na farko, ba gargaɗi ba komai. Ba ta ma da PUSH da POP. In siginar gaggawa ta katse aiki, adireshin komawa kawai take ajiyewa; rajistocin W da STATUS kai za ka adana da hannunka, ka mayar da su kafin fita. Ka manta, lissafi ya lalace jefi-jefi, ka yi ta zargin waya ko batir.

Arduino Uno ta fi sauƙi, domin kwamfaila ke rubuta maka PUSH da POP. Amma RAM ɗin ATmega328P bayit 2048 ne. Stak yana farawa daga can sama yana gangarowa, bayananka suna ƙasa, kuma babu katanga a tsakani. Ranar da suka haɗu, na'urar ban ruwan da ka haɗa za ta iya sandarewa famfo yana buɗe.