Asalin Hukuncin da Banki Ke Yanke wa Kati

Duk wanda ya taɓa shigar da lambobin katinsa a intanet don biyan wata bukata, alhali yana da yaƙinin akwai kuɗi a asusunsa, amma aka ce an ƙi, to, ya gamu da hukuncin da asalinsa ya girmi intanet nesa ba kusa ba.

A shekarar 1958 ne Bank of America ya aika wa mutanen Fresno, a jihar Kalifoniya ta Amurka, katuna wajen 60,000 ba tare da kowa ya roƙa ba, kuma ba a jima ba ha'inci da taurin bashi suka jawo masa hasara mai tsanani, har bincike ya zama wajibi kafin a ƙulla ciniki. A wancan zamanin kowane mai kanti akan yanka masa haddi: in ciniki bai kai haddin ba, sai ya duba wani ɗan littafi mai ɗauke da lambobin katunan da aka sace ko aka soke, in kuwa ya zarce, sai ya buga waya, mai saye na tsaye yana jira, har wani ma'aikaci ya buɗe kundi ya ba da izini ko ya hana. Wannan jira, da kan kai minti biyar, ya koma ƙasa da minti ɗaya a 1973, sa'ad da Dee Hock da abokan aikinsa na ƙungiyar bankunan da ke ba da katin suka ɗora aikin bisa kwamfuta, kuma ƙungiyar tasu ce ta zama Visa a 1976.

Sai dai abin da ke damuna shi ne, da aka sami sauri, sai aka rasa wanda za a yi wa tambaya. Ƙa'idar ISO 8583 ta 1987 ta taƙaita amsar banki zuwa lamba mai alƙaluma biyu: 51 kuɗi ba su isa ba, 54 wa'adin kati ya cika, 05 kuwa hani ne tsagwaronsa, babu hujja babu dalili, wanda shi kansa mai kanti bai san sababinsa ba. Da ciniki ya koma intanet, inda ba a ganin kati balle fuskar mai shi, tuhuma ta ƙaru, aka shiga neman lambobi ukun bayan kati da lambar sirri ta waya, har zato kaɗai kan isa a hana mai gaskiya.

Galibi dai hukuncin yana hannun bankin da ya ba da katin, shi ya sa can ya kamata a fara kai ƙorafi, a nemi sanin lambar da aka mayar. 'Yan Najeriya sun shaida haka a 2022, lokacin da ƙarancin dala ya sa bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai biya a ƙasashen waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar ɗungurum, ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi ta shan hani ba laifin tsaye ba na zaune, har tsakiyar 2025 da wasu bankunan suka sake buɗewa.