Kyaftin Clapperton da Yaƙe-yaƙen Iyakar Katsina, Gobir da Maraɗi

A wannan takarda muna so mu tuna da wani sojan ruwa, mutumin Sikotlan, wanda ajali ya riske shi a ƙasar Hausa ana tsakiyar yaƙi. Shi ne Kyaftin Hugh Clapperton, wanda a nan ya kira kansa Abdullahi. An haife shi a garin Annan cikin 1788, ya kuma yi aikin soja a yaƙe-yaƙen Ingila da Faransa. Marubutan Turai sun fi ɗaukarsa a matsayin matafiyin da cuta ta kashe. Mu a ganinmu, ba za a fahimci ƙarshensa ba sai an dubi halin yaƙin da ya tarar.

A zuwansa na farko ya isa Sakkwato cikin Maris 1824, sa'an nan ya komo ta Zurmi da Katsina. A wannan zamani ƙasar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, wato inda iyakar Jibiya take a yau, fagen hare-hare ce. Sarakunan Haɓe da jihadi ya kora daga Birnin Katsina sun kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗankasawa, suka haɗa kai da Gobirawa, har ayari ba ya ratsa dajin Gundumi sai da rakiyar mahaya.

Da ya dawo cikin 1826 ta hanyar Badagiri, ya tarar al'amari ya ƙara tsananta. A watan Oktoba ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Waziri Giɗaɗo zuwa Ƙonya, birnin Gobirawa, ya ga harin da idonsa, ya kuma ga yadda aka janye ba a ci garin ba. Bayaninsa na wannan rana yana da daraja ƙwarai ga masu nazarin dabarun yaƙi, domin ya siffanta dawakin lifidi da ƙarancin bindigogi, har da wata tsohuwar baiwa 'yar Zamfara da ke bin mayaƙa tana shayar da su ruwa. Ita kam littattafan tarihin fada ba su san da ita ba.

Daɗin daɗawa, Shehu Laminu na Barno ya tunkaro Kano da yaƙi, ga shi kuwa Clapperton yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa gare shi. Bello ya karɓe su, ya hana shi wucewa. Clapperton ya ɗauki wannan cin amana ne, amma da wuya a sami sarkin da zai bari a kai wa abokin gabarsa makamai ta cikin ƙasarsa. Yana tsare haka ciwon atuni ya kwantar da shi, ya rasu ran 13 ga Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da Sakkwato, ya kai takardunsa Ingila.

Gabar ba ta ƙare ba, ko bayan da Bello ya yi nasara a Gawakuke cikin 1836. Da Ingila da Faransa suka daidaita kan iyaka a yarjejeniyar 1906, aka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908 ƙarƙashin Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho, sai layin ya bi wannan tsohuwar ɓaraka. Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannun Faransa, Jibiya kuwa ta zauna a ƙasar Katsina.