Kacici-kacici da Sanin Halin Mutum

A Agye, Gazawa da Gidan Rumji, kamar sauran ƙasar Hausa, kacici-kacici abin hirar dare ne da yara ke wasa ƙwaƙwalwa da shi. Wanda ya kasa sai ya ba da gari, ya ce Tsibiri ko Maraɗi, a faɗa masa amsa, a yi dariya. Ba a yanke wa yaro hukuncin mugun hali saboda amsarsa.

A farkon shekarun 2000 wani kacici-kacici na daban ya bazu a intanet. Wata mace ta ga baƙo a jana'izar mahaifiyarta, ya kwanta mata a rai, ya ɓace. Bayan ƴan kwanaki ta kashe ƴar'uwarta. Me ya sa? Aka ce duk wanda ya amsa cewa don baƙon ya sake zuwa jana'iza ne, to zuciyarsa ƙeƙasasshiya ce irin ta masu kisa ba nadama.

Bincike bai gaskata wannan ba. Ma'aunin Robert Hare ɗan ƙasar Kanada, wanda aka sabunta a 1991, halaye 20 yake dubawa, ta hanyar doguwar hira da bin tarihin mutum. Kevin Dutton, masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, ya ruwaito a 2012 cewa ya gwada tambayar a kan masu wannan hali na ainihi, babu ɗaya da ya ba da waccan amsa. Yawancinsu kishi suka ambata.

Saboda haka malamin da ɗalibinsa ya canki amsar, basira ya gani. Hali kuwa sai an zauna da mutum ake saninsa.