Kwaɗi a filin kokowa: fim ɗin Mustafa Alasan na Tawa

Amurkawa suna da nasu finafinan ban dariya na wasanni, kamar na ƙwallon kwando. A ƙasar Adar, wasan da ya kai wannan matsayi a zukatan jama'a shi ne kokowa, kuma shi ma ya samu mai ɗaukarsa a fim cikin raha.

Tun kafin gwamnati ta sa hannu, garuruwa irin su Galma da ƙauyukan Madawa, Buza da Keita sun saba kiran kokowa da kaka, bayan an ɗaure damman hatsi. Samarin wannan gari su je wancan, makaɗa na biye da su. A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka shirya gasar ƙasa ta farko a birnin Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Daga nan kokowa ta zama sha'anin jihohi, da takobi, da rediyo, da manyan baƙi a rumfa.

Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, makanike ne kafin ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada ya ƙaro sanin zane mai motsi wajen Norman McLaren. Tun 1966, cikin «Bon voyage Sim», ya naɗa kwaɗo shugaban ƙasa don ya yi wa masu mulki shaguɓe. Da ya zauna a Tawa, inda ya buɗe masaukin baƙi da ɗakin aikinsa, sai ya mai da kwaɗinsa filin wasa. «Kokoa», na 2001, gajeren fim ne da bai kai rubu'in awa ba, an yi shi da ƴan tsana da ake gusawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Kwaɗo da hawainiya da tsuntsu ne ke kamawa, ƙaguwa ce alƙali.

Wanda ya san fili zai gane cewa Alasan bai aro dariyar daga waje ba. Tana nan tun asali: kirarin da ya fi ƙarfin mai yinsa, layun da suka rufe damtse, jan lokaci kafin a kama, da ƴan cali-cali masu kwaikwayon ƙato bayan ya sha ƙasa. Shi dai ya cire mutane ya sa dabbobi, yadda tatsuniya take yi, don kowa ya yi dariya ba tare da an ambaci jiharsa ba.

Alasan ya rasu a Wagadugu a 2015. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya nuna ayyukansa. Abin takaici, ɗan makaranta a Galma, wanda zai fahimci kowane motsi na fim ɗin ba da fassara ba, da wuya ya taɓa ganinsa, alhali majigi ɗaya da farin bango sun isa malami ya nuna masa shi.