Shekarar Girbi a Kasuwar Guangzhou: Tarihin Jar Giyar Inabi da Cinikin Suna a Kudancin Sin

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun jar giyar inabi mai tsada a birnin Guangzhou, tun daga ƙarni na 9 zuwa faɗuwar kasuwarta bayan shekarar 2011. Ta nuna cewa shekarar girbin da ake bugawa a jikin kwalba ta samo asali ne a matsayin shaidar yanayin da wata gona ta fuskanta a wata shekara. Da ta isa kudancin Sin sai ta rikiɗe ta zama ma'aunin karramawa da ma'ajiyar dukiya. Wannan rikiɗa ita ta ɗaga farashi, ita ta buɗe ƙofar jabu, ita kuma ta sa kasuwar ta kasa tsayuwa da ƙafarta sa'ad da gwamnati ta hana almubazzaranci da dukiyar hukuma.

Fitilun Kalmomi: Guangzhou, giyar inabi, shekarar girbi, salsala, jabu

1.0 Gabatarwa

Ga mafi yawan Hausawa, giya haramtacciya ce, ba ta da gurbi a faifan cinikinsu. Duk da haka, tambayar da tarihinta ya ƙunsa tsohuwa ce a kasuwar Hausa. Fataken goro sun daɗe suna fifita ɗan Laboji na ƙasar Nupe a kan sauran goro, suna biyan kuɗin sunan wurin tun kafin a kwance huhu. 'Yan kasuwar Kano da Maraɗi da ke saro kaya a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli na Guangzhou su ma kullum suna fama da rarrabe na asali da kwaikwayo. Tambayar ita ce: idan mai saye ba zai iya gwada haja da kansa ba, a kan me yake dogara? Jar giyar inabi ta fito da wannan matsala fili, domin duk darajarta ta rataya ne a kan abubuwa biyu da ke rubuce a takarda, wato sunan gona da shekarar girbi.

2.0 Daga Khanfu Zuwa Kanton

Inabin giya ba ya albarka a Guangzhou, saboda zafi da laimar yankin. A arewacin Sin an san shi tun da daɗewa. Bayan da rundunar daular Tang ta ci Gaochang, kusa da Turfan, a shekarar 640, an kai irin inabin wurin da dabarar sarrafa shi fadar Sarki Taizong. Kudu kuwa ta ci gaba da abin da ta saba. Littafin Akhbar al-Sin wal-Hind, wanda aka tattara a 851 daga bakin fataken Musulmi, ya kira Guangzhou da suna Khanfu. Ya bayyana cewa abin shan mutanen ƙasar daga shinkafa ake yin sa, kuma ba a kawo musu giyar inabi. Littafin ya kuma ambaci wani ganye da ake zuba wa tafasasshen ruwa, wanda sarki ke karɓar haraji a kansa. Wannan ganye shi ne shayi.

Daga 1757 zuwa 1842 daular Qing ta taƙaita cinikin Turawa na teku a wannan birni kaɗai, wanda suke kira Kanton. Turawan sun zauna a jerin gidajen ciniki goma sha uku a bakin Kogin Lu'ulu'u, suna sayen shayi da siliki da tangaran. Giyar da jiragensu ke kawowa guzurin teburinsu ce, ba ta zama hajar da jama'ar gari ke nema ba.

Mutumin da ya fara mayar da ita masana'anta ɗan lardin Guangdong ne. Zhang Bishi, haifaffen gundumar Dabu, ya yi arziki a tsibiran Indonesiya da Penang, sannan ya kafa kamfanin Changyu a 1892. Amma a Yantai ta lardin Shandong ya kafa shi, can arewa inda inabi ke yi. Kayan kamfanin sun sami lambobin yabo a bajekolin San Francisco na 1915. Tun daga nan rabon aiki ya bayyana: noma a arewa, jari da ciniki a kudu.

3.0 Gona da Shekara: Asalin Ma'aunin

Ma'aunin da Guangzhou ta karɓa daga baya a Faransa aka ƙera shi. A 1855, domin bajekolin duniya na Paris a zamanin Napoleon III, dillalan Bordeaux suka jera manyan gonakin jar giya a matakai biyar. Abin da suka dogara a kai shi ne farashin da kowace gona ta saba samu a kasuwa. Huɗu suka hau matakin farko: Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion. Sai a 1973 aka ƙara Mouton. Tun asali ke nan, martabar gona da farashinta tagwaye ne.

Shekarar girbi kuwa tana da tushe a gona. Kurangar inabi sau ɗaya take 'ya'ya a shekara, kuma zaƙin 'ya'yan da tsaminsu da kaurin ɓawonsu sun danganta da rana da ruwan da suka samu. Jaura a lokacin toho tana rage amfani, kamar yadda ta faru a Bordeaux cikin Afrilun 1991. Ruwan sama gab da girbi yana tsinka ruwan 'ya'yan, ya kawo ruɓa. Matsanancin sanyin Fabrairun 1956 ya kashe kurangu masu yawa har saiwa. Shekarar 1982 ta zo da zafi da rani mai kyau, aka sami amfani mai yawa kuma nunanne. Wani Ba'amurke mai sharhi, Robert Parker, ya yaba ta tun tana cikin ganga, kuma wannan yabo ya ɗaukaka shekarar, ya ɗaukaka shi ma.

Ƙanƙantar gona tana ƙara wa lissafin nauyi. Romanée-Conti ta yankin Burgundy ba ta kai hekta 2 ba, kwalabe dubbai kaɗan take fitarwa a shekara. A 1945 kwalabe 600 kacal ta samar, kuma a Oktoban 2018 aka yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a New York a kan dala 558,000. Pétrus ta Pomerol hekta 11 ce da 'yan kai. Ba a iya faɗaɗa irin waɗannan gonaki, ba a kuma iya maimaita shekarar da ta wuce. Kowace kwalba da aka buɗe ta rage adadin da ya saura a duniya.

4.0 Hawan Farashi, 1978 Zuwa 2011

Da Sin ta buɗe ƙofofinta a 1978, Guangdong ce ta fara cin gajiya, saboda maƙwabtaka da Hong Kong da kuma bajekolin Kanton da ake yi tun 1957. Sababbin attajiran lardin sun ɗauki al'adun liyafa daga 'yan'uwansu na Hong Kong, masu yare ɗaya da su. A shekarun 1980 barasar Cognac ce ke kan teburin manya. Cikin shekarun 1990 jar giya ta fara karɓar wurin, bisa raɗe-raɗin cewa tana da amfani ga zuciya, ga kuma launin ja da Sinawa ke dangantawa da sa'a da biki.

Matakai biyu na haraji suka share hanya. Bayan shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, kuɗin fito a kan giyar kwalba ya sauko daga kashi 65 cikin ɗari zuwa kashi 14 cikin 'yan shekaru. A Fabrairun 2008 kuma Hong Kong ta soke harajin giyar inabi baki ɗaya. Nan da nan manyan gidajen gwanjo suka tare a can, tafiyar sa'o'i biyu a jirgin ƙasa daga Guangzhou a wancan lokaci.

Abin lura shi ne aikin da kwalbar ke yi a wannan kasuwa. Mafi yawa ana sayenta ne domin kyauta ko liyafa, inda ɗan kasuwa ke neman shiga wurin jami'i ko abokin hulɗa. Kyautar ba ta cika aikinta sai wanda aka bai wa ya san kuɗinta. Saboda haka sunan da kowa ya sani ya fi sunan da masana kaɗai suka sani. Lafite, gonar da ta haura hekta 100, ta zama sarauniya, wani ɓangare don sunanta na da sauƙin furtawa da Sinanci. "Lafite ta 82" ta shiga finafinan Hong Kong da bakin jama'a a matsayin kirarin mai kuɗi, har ga waɗanda ba su san komai game da yanayin Bordeaux na 1982 ba.

Masu gonakin sun gane haka. A Oktoban 2010 Lafite ta sanar cewa za ta zana harafin Sinanci na lamba takwas a kwalaben 2008. A yaren Kanton, lafazin takwas ya yi kusa da na kalmar bunƙasar arziki, kuma farashin ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki. Mouton ta bai wa mai zane ɗan Sin, Xu Lei, aikin tambarin shekarar. A cikin watan na Oktoba, Sotheby's ta sayar da kwalabe uku na Lafite ta 1869 a Hong Kong, kowace a kan fiye da dala 230,000. A nan lambar shekara ta rabu da gona: 2008 ta yi daraja saboda takwas ɗin da ke ƙarshenta.

5.0 Jabu da Faɗuwa

Hajar da adadinta ke da iyaka, masu nemanta ba su da iyaka, kuma mai sayenta ba shi ne mai shanta ba, gayyata ce ga maƙera jabu. Fanko na manyan sunaye ya zama haja mai kuɗi, ana saye a sake ɗurawa. An yi ta buga tambura masu kama da na asali da sauyin harafi ɗaya. Akwai kuma ɓarnar da ba ta bukatar maha'inci. Giya mai shekaru tana son sanyi madaidaici, wajen digiri 12 zuwa 14, kuma kwalbar asali da ta yi makonni a kwantena cikin zafin Guangzhou ta riga ta lalace, ko da tambarinta na nan garau.

Matsalar ba ta Sin kaɗai ba ce. A Afrilun 2008 Laurent Ponsot, mai gona a Burgundy, ya je New York ya sa aka janye wasu kwalabe daga gwanjo. Suna ɗauke da sunan Clos Saint-Denis na gidansu da shekaru daga 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan giya ba sai 1982. Wanda ya kawo su, Rudy Kurniawan, an kama shi a 2012, aka yanke masa ɗaurin shekara goma a 2014. Gwanayen ɗanɗano na Amurka sun sha kayansa shekara da shekaru suna yabawa. Abin da ya tona asirin shi ne tarihin gonar, wato salsala.

Farashin manyan giyar Bordeaux ya kai ƙololuwa a tsakiyar 2011, ya fara gangara. A Disambar 2012 sabon shugabancin Xi Jinping ya fitar da ƙa'idoji takwas na hana almubazzaranci a tsakanin jami'ai. Liyafa da kyauta da kuɗin hukuma suka zama abin tsoro. Dillalan da suka cika rumbuna da tsammanin ƙarin farashi suka wayi gari da kayan da babu mai tayawa. Wannan ya nuna cewa babban kaso na kasuwar a kan al'adar kyauta ya tsaya, kuma da aka taɓa al'adar sai ginin ya girgiza.

6.0 Fangcun da Ningxia

Guangzhou ta riga ta ga irin wannan a hajarta ta gida. Kasuwar Fangcun, mai dubban shaguna, ita ce cibiyar cinikin shayin Pu'er na lardin Yunnan. Shi ma ana kimanta shi da sunan dutsen da aka tsinko shi da shekarar da aka matse shi, ana kuma ajiye shi ya tsufa. A 1973 masana'antar shayi ta Kunming ta fara amfani da dabarar jibge ganye da laima domin ya yi kamar tsoho cikin 'yan makonni, dabarar da aka koyo daga Guangdong. Da yake an bayyana ta a fili, sai ta zama nau'in shayi mai zaman kansa. Amma a farkon 2007 'yan baranda suka hura farashin Pu'er, jabu ya yawaita, kafin tsakiyar shekara kasuwar ta rushe. Masu kuɗin kudancin Sin sun san cinikin shekara da sunan wuri tun kafin guguwar Bordeaux ta iso gare su.

A ɗaya ɓangaren, ƙananan gonaki sun taso a gindin tsaunin Helan na jihar Ningxia, mai yawan Musulmi 'yan ƙabilar Hui. Sanyin hunturu a can yakan tilasta a binne kurangu cikin ƙasa kowace shekara, a tone su da bazara. A 2011 giyar Jia Bei Lan ta 2009, daga ƙaramar gonar Helan Qingxue, ta ci babbar lambar gasar Decanter a London. A 2013 Ningxia ta kafa tsarin matakai biyar ga gonakinta, a kan samfurin 1855. Lafite da kanta ta dasa gona a Shandong, ta fitar da girbinta na farko, na 2017, a 2019.

7.0 Kammalawa

Tarihin jar giyar inabi a Guangzhou ya nuna matakai uku a rayuwar lambar da ke jikin kwalba. Ta fara a matsayin shaidar manomi game da rana da ruwan wata shekara. Dillalai da masu sharhi suka mayar da ita farashi. Kasuwar kyauta ta kudancin Sin ta mayar da ita alamar girmamawa, wadda ke aiki ko da ba a buɗe kwalbar ba. A kowane mataki tazara tsakanin gona da mai saye ta ƙaru, nauyin da ke kan amana ya ƙaru tare da ita. Shi ya sa bayan 2012 manyan gonaki suka ƙarfafa hatimin hana jabu da lambobin bin sawu, masu saye kuma suka koma neman takardun da ke nuna hannuwan da kwalba ta bi da inda aka ajiye ta.

Ga masu nazarin kasuwancin Hausa, wannan ya buɗe fagen kwatance. Goro da turaren itace da shadda duk hajoji ne da sunan wuri ke ɗaga kuɗinsu, kuma a cinikin goro na da, maigida da dillali su ne ke tsaya wa baƙo a kan ingancin kaya da biyan bashi. Yadda wannan tsohon tsari ke aiki a yau tsakanin Kantin Kwari da Xiaobei, inda tambari ke da sauƙin bugawa, batu ne da ya cancanci bincike na musamman.