Yadda Nas Ta Shiga Makaranta

A shekarar 1897 hukumar lafiya ta birnin New York a Amurka ta ɗauki likitoci 150 aikin duba 'yan makaranta. Likita kan shigo da safe ya yi kamar awa guda, a jero masa yaran da malamai ke ganin ba su da lafiya. Ya ɗaga fatar ido, ya bankaɗa gashi, ya leƙa maƙogwaro. Duk wanda aka samu da ƙwarƙwata, ko makero, ko ƙazwa, ko amodari, sai a danƙa masa takarda a ce ya tafi gida, kada ya dawo sai ya warke.

To, wane gida? Yawancin yaran nan 'ya'yan baƙi ne da suka zo ci-rani daga Italiya da Gabashin Turai, suna cunkushe a gidajen haya na unguwar Lower East Side. Uwa ba ta jin Turanci, balle ta karanta abin da likita ya rubuta. Ko an karanta mata, ina kuɗin magani? Sai yaro ya wuni a bakin titi, da an tashi daga makaranta kuma ya koma wasa da abokan da aka ce ana kare su daga cutarsa. An gudu ba a tsira ba: cuta tana nan, karatu ya tafi.

Wadda abin ya tsaya wa a rai ita ce Lillian Wald, ma'aikaciyar jinya da ta fara aiki a wannan unguwa a 1893, ta kafa gidan taimakon da ya yi suna a titin Henry. Ta taɓa cin karo da wani yaro ɗan shekara 12 da ɗan ƙaramin ciwo a fatar kai ya hana shi zama a aji. Ta yi masa magani, ya warke, ya shiga makaranta. Tana kuma da labarin abin da aka fara a Landan, inda tun 1892 wata nas mai suna Amy Hughes ta riƙa zuwa wata makarantar talakawa a Drury Lane. Sai Wald ta ce wa hukuma a ba ta wata guda na gwaji, ita za ta kawo nas.

Ranar 1 ga Oktoba, 1902, nas ɗin da Wald ta kawo, Lina Rogers, 'yar ƙasar Kanada, ta kama aiki. Makarantu huɗu aka ba ta, ita kaɗai, yara dubbai. Ba ta samu ɗaki na kirki ba, duk lungun da ya samu nan take shimfiɗa kayanta. Ta wanke ido, ta goge gyambo ta ɗaure, ta shafa wa mai makero magani, yaro ya koma aji ya ci gaba da darasi. Wannan kaɗai ya isa a yaba mata. Amma a ganina babban aikin yana farawa ne bayan an tashi, lokacin da take bin yaran da aka kora har gida. Takan hau bene ta sallama, ta zauna da uwa, ta nuna mata da hannu yadda ake tsefe kai a kashe ƙwarƙwata, da dalilin da ya sa bai kamata mai ciwon ido ya haɗa tawul da ƙannensa ba. A nan ne ta ga abin da likitan awa guda ba zai taɓa gani ba: wasu yaran lafiyarsu lau, rashin takalmi ne ko rigar sanyi ya zaunar da su, wasu kuma raino aka bar musu.

Kafin shekarar ta fita hukuma ta amince, ta ɗauki ƙarin nas-nas a kan albashinta, Rogers ce shugabarsu. A watan Satumban 1902 an mayar da yara 10,567 gida saboda cuta. A Satumban 1903 yawansu bai wuce 1,101 ba.

Daga nan abin ya bazu. Ingila ta yi doka a 1907 da ta wajabta duba lafiyar 'yan makaranta, bayan yaƙin da ta yi a Afirka ta Kudu ya tona yawan samarin da jikinsu bai kai na shiga soja ba. Rogers ta koma Toronto a 1910 ta jagoranci irin wannan aiki a makarantun birnin.

Cututtukan da ta yi fama da su, mu ba baƙinmu ba ne. Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya san yaron da aka yi wa ƙwal-kwabo saboda makero, ana ja da baya daga bencinsa. Najeriya ta fitar da manufar kula da lafiyar 'yan makaranta ta ƙasa a 2006, kuma makarantun kwana da dama suna da ɗakin shan magani. A firamaren unguwa kuwa, idan zazzaɓi ya rufe yarinya ana tsakiyar darasi, har yau abin da malami ya fi yi shi ne ya nemo yayarta a wani aji ya ce ta raka ta gida.